Tunatarwa Kan Naƙudar da Ta Tsaya a Matakin Yunƙuri

Assalamu alaikum ƴan'uwa ungozomomi, barkanmu da aiki.

Da zarar bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, wato an shiga matakin yunƙuri, a rubuta lokaci. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018, daga wannan lokaci mai haihuwar fari kan sauka cikin awa 3, wadda ta taɓa haihuwa cikin awa 2. Amma in kan jariri ba ya saukowa, kada a tsaya jiran agogo. A sa robar fitsari, a saurari bugun zuciyar jariri duk minti 5.

Don Allah, ban da danna ciki. Ban da allurar naƙuda in ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, mahaifa na iya fashewa. Ko dangi sun matsa da yankan gishiri, a ƙi, yoyon fitsari yake jawowa. In naƙuda ta tsaya haka, a ɗaura wa mai naƙudar ruwa, a tura ta asibitin da ake tiyata, ɗayarmu ta raka ta.