Bakteriyar da ke bin hanyar maganin asma

Edita, assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan wani bincike da nake ganin ya kamata shafinku na kimiyya ya kawo wa mutane da Hausa, domin mu dai da an ce bakteriya sai cuta ta faɗo mana a rai, alhali akwai masu sarrafa ta a ɗakin gwaji tana yi masu aiki.

A 2007 wasu masana biyu a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, Shana Topp da Justin Gallivan, suka ɗauki bakteriyar E. coli, wannan dai da ke cikin hanjin kowa, suka sa ta bin wani sinadari da babu ruwanta da shi a halittarta, wato tiyofilin, maganin da ake ba masu asma wanda kuma akwai shi kaɗan a ganyen shayi. Yadda suka yi abin ne ya burge ni wallahi. Ita E. coli da wasu siraran gashi take iyo, ko dai ta miƙe ta yi gaba ko ta tsaya tana wulwulawa, kuma akwai wani furotin mai suna CheZ da in babu shi ba ta iya miƙewa sam, sai dai ta yi ta juyi wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Toh sai suka ɗora wani ɗan guntun RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayar halitta, a gaban umarnin da ke sa a ƙera CheZ ɗin, irin wanda ake kira makunnin RNA, yana naɗe ya toshe hanya, da tiyofilin ya shigo ya manne masa sai naɗin ya sauya hanya ta buɗe a ƙera furotin ɗin bakteriya ta kama tafiya. Inda aka zuba maganin a farantin gwaji nan take bi, inda babu ta tsaya cak. Suka gwada da kafeyin, sinadarin nan na cikin kofi, wanda ɗan ƙaramin reshe ɗaya ne a ƙirarsa ya bambanta shi da tiyofilin, ko gusawa ba ta yi ba.

Amma ga inda nake so ku yi hattara in za ku rubuta. A 2010 ɗakin gwajin nan ya fitar da wani sakamakon cewa sun yi bakteriyar da ke neman atirazin ta lalata shi, maganin ciyawan nan da manoman masara suka daɗe suna feshi da shi a gonakinmu duk damina, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi saboda yana gangarawa ruwan ƙasa. Labari ne mai daɗin ji, to amma a 2014 an janye takardar domin sakamakon bai tabbata ba da aka sake gwadawa. Ni hankalina ya fi tashi a nan, kar wani ya tsinci rabin labari ya yaɗa a WhatsApp cewa an samu abin wanke rijiya, manomi ya saki jiki ya ci gaba da wanke tankin feshi a bakin rafin da mutane ke sha.

Ku nemo malaman ilimin ƙananan halittu daga jami'o'inmu su yi mana bayanin nan dalla-dalla, su faɗi abin da ya tabbata da wanda har yanzu yana farantin gwaji, yaranmu na sakandare suna karanta jaridar nan.

Naku mai karatu,
daga Zariya