Bala Miller ma yana cikin tarihin waƙar Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani giɓi da nake gani duk lokacin da aka tashi lissafa magabatan mawaƙan Hausa. Akan ambaci Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, kuma sun cancanci abin da ya fi haka, amma da wuya a ji an sako sunan marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa, wadda ta yi tashe a Kaduna tun daga shekarun 1970.

Mu da muka tashi a wancan zamani mun san matsayinta. A gidanmu rakoda ɗaya ce, kuma kowa da abin da kunnensa yake so. Mahaifinmu mutumin Shata ne, ba ya haɗa kalangu da komai, har yakan ce duk kiɗan da sai an jona shi da lantarki kafin ya yi amo kiɗan 'yan boko ne. Mahaifiyarmu da ƙawayenta kiɗan ƙwarya suke so, musamman amadar Barmani a ranar suna ko biki. Babban yayanmu kuwa kaset ɗin Boney M da na Bob Marley yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ya zura biro a cikinsu yana juyawa da hannu don kada batir ya ƙare, domin idan Baba ya dawo ya tarar batir ya yi sanyi lokacin labaran duniya, ranar babu zaman lafiya. Kakarmu ba ta sauraren komai sai waƙoƙin bege da na wa'azi.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne, shirin Bala Miller da ake nunawa a NTA a shekarun 1980 shi kaɗai ne yake tara mu duka a gaban talabijin mai baƙi da fari ba tare da gardama ba. Yayanmu yana samun jita da ƙahonin busa da gangunan zamani da yake nema a wurin mawaƙan ƙetare, iyayenmu kuma suna samun Hausa tsantsa mai ma'ana, wadda babu batsa a cikinta, ba kuma a karya ta don a burge wani ba. Ranar da Baba ya saurari waƙar nan tasa ta Ikon Allah har ƙarshe, sai ya gyara zama ya ce, "Wannan mutum ya san abin da yake faɗa." Daga bakin masoyin Shata, wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Ya kamata matasa su san ko wane ne Bala Miller. An haife shi a Pankshin a 1928, ɗan limamin coci ne mai asali da Zariya, ya kuma rasu a 2003. Kirista ne da waƙarsa ta shiga gidajen Musulmi ta zauna daram, kuma wanda ya san rikice-rikicen addini da Kaduna ta gani daga baya zai fahimci nauyin wannan magana. Bugu da ƙari, ƙungiyar tasa ƙungiya ce babba ta makaɗa masu buga kayan kiɗa da hannunsu, inda samari da dama suka koyi sana'ar. A ganina ita ce gadar da ta haɗa kiɗan gargajiya da na mawaƙanmu na yau masu aiki da kwamfuta, ko da yawancinsu ba su san sun bi ta kanta ba.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyo da talabijin na Arewa da su binciki ɗakunan ajiyarsu, su kwashe fayafayai da kaset-kaset na wannan ƙungiya zuwa na'urorin zamani kafin ƙura da zafi su cinye su. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin makaɗanta da suka rage a raye, a naɗi bayanansu. Ita ma wannan jarida ina roƙon ta ware masa shafi guda, tare da hotuna idan an samu.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Kaduna