Zuwa ga Ishaku, daga Billiri

Ɗana Ishaku,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Muna nan lafiya, sai ƙafar babanka da ta motsa da sanyin nan.

Bayan taron zumuntar mata a coci wata ta ja ni gefe ta ce, "Maman Ishaku, kin san inda ɗanki yake hira?" Ashe lungunan unguwar Jekadafari a garin Gombe kake shiga da dare wurin 'yan daban nan, 'yan Kalare, ka zauna kan benci ɗaya da su kana roƙonsu su ajiye adda. Har sun taɓa tare ka, suka yaga maka riga, suka fasa wayarka. Shi ne ka ce mini daga acaɓa ta faɗi. Ni za ka yi wa ƙarya, Ishaku? A bakin mutane zan ji labarinka?

Ban ce aikin ba na Allah ba ne. A 2021, lokacin rikicin sarautar Mai Tangale, da samarinmu, 'ya'yan da aka yi wa baftisma tare da kai, suka fito da jarkar fetur, da idona na gan ka tsaye a ƙofar shagon maƙwabcinmu Musulmi, ko sanda babu a hannunka. Suka kira ka munafuki. Wasu iyayensu sun daɗe ba sa amsa gaisuwata. Ban taɓa gaya maka ba, amma ranar na durƙusa a ɗaki na gode wa Allah da ni na haife ka.

To, wancan da rana tsaka ne, kuma sun san ɗan wane ne kai. Daren nan nake tsoro. Yaron da ɗan siyasa ya ba kuɗi ya sha ƙwaya, cikin duhu ba ya gane fuska, balle wa'azi. Tun Janairun 2012 da aka buɗe wuta kan masu addu'a a coci a Gombe, in nawa yana waje bayan magariba ba na runtsawa. Wayata ƙarƙashin matashi take kwana, ko saƙo ya shigo sai gabana ya faɗi. Na sa maka suna Ishaku, amma ba ni da zuciyar Ibrahim.

Ba zan hana ka ba, ni na koya maka. Sai dai ka je da rana, tare da wani dattijon ikilisiya, ka fara gaida mai unguwa. Wanda ya aike mu kamar tumaki cikin kyarketai, shi ne ya ce mu yi wayo kamar maciji.

Ka aiko mini da rigar in ɗinke.

Mamarka