Zuwa ga ƙanena mai tuƙin dare: amsar tambayarka kan ingancin ƙaramar bindiga

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar taron 'yan uwa ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya, lokaci kuma bai bari na amsa yadda ya kamata ba. Ka ce kana tuƙin dare a nan Houston, ka karɓi lasisin jihar Texas, kana neman ƙaramar bindiga wadda riga za ta rufe, amma ka ji ana cewa ƙananan nan suna yawan cijewa. Ka ce in faɗa maka ko gaskiya ne, in kuma nuna maka wadda ba ta ba mutum kunya, tunda gyaran bindiga ne sana'ata. Da aka tashi, mutane da dama sun tare ni da irin wannan tambayar, shi ya sa na ga gara in amsa a fili kowa ya karanta.

Akwai gaskiya a abin da ka ji. Sai dai cijewa rabin maganar inganci ce kawai, kuma ba ita ce babban rabin ba. Bindigar da za ka ɗaura a ƙugu abu biyu ake nema a wurinta: ta tashi idan an ja kunamarta, kada kuma ta taɓa tashi idan ba a ja ba. Kowa na farkon yake tambaya. Ni na biyun ne ke hana ni barci. Mai yiwuwa ka shekara talatin ba ka harbi kowa ba, Allah ya sa haka, amma duk tsawon shekarun nan abin yana manne da jikinka, kana shiga mota da shi kana fita, kana sunkuyawa, kana ɗaukar 'ya'yanka. Ranar buƙata wataƙila ba za ta zo ba. Ranar da za ta suɓuce ta faɗi a kan siminti kuwa tana zuwa wa mutane da yawa.

Bari in fara da cijewar, tunda ita ka tambaya. Idan harsashi ya tashi, ƙarfinsa ne ke tura marfin sama, wanda muke kira silaid, ya koma baya. A tafiyar nan ƙugiya ta fizgo kwanson da ya ƙone ta yar, sannan sifirin ya dawo da silaid gaba, ya kwaso sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsasai, ya cusa shi a bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido ne. A bindiga mai matsakaicin girma irin Glock 19, wadda ta fito a 1988 da bututu mai inci 4 da harsashi 15, silaid yana da nauyi kuma yana da doguwar tafiya, don haka sifirin ɗin magazin yana samun sararin ɗago harsashi na gaba. Da aka zo ƙera irin SIG Sauer P365, mai bututu inci 3.1 da nauyin kusan rabin kilo, harsashin bai canza ba, mai milimita 9 ɗin nan ne dai. Ƙarfi ɗaya, amma ƙarfen da zai shanye shi ya ragu. Sai silaid ya riƙa gudu fiye da na babbar, a gajeriyar hanya, dole a sa masa sifirin mai tauri, sau da yawa guda biyu ɗaya cikin ɗaya. Ɗan sararin da ke yafe ƙananan kurakurai shi ne ya tsuke. Ɗan datti, ko harsashi mai rauni, ko sifirin da ya gaji, wanda babbar za ta haɗiye ta wuce, ƙaramar sai ta tsaya a kansa. Kamar ƙaramin janareta ne da aka jona wa kayan gida duka: zai ja, amma da an ƙara dutsen guga sai ya shaƙe.

Hannunka ma yana cikin injin, abin da mutane ba sa son ji ke nan. Silaid yana bukatar gangar jikin bindigar ta tsaya cak kafin ya kammala tafiyarsa. Idan wuyan hannu ya yi laushi, gangar sai ta bi silaid baya, kwanso ya maƙale a baki. Mariƙin ƙananan nan gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, mai babban hannu kuma yakan danne makarin silaid da babban yatsa bai sani ba. An sha kawo mini bindiga ana cewa ta lalace, in kwance ta in ga lafiyarta ƙalau, matsalar riƙo ce. Shi ya sa bindiga ɗaya za ta yi wa wani aiki shekara da shekaru, ta ƙi wani a rana ɗaya.

Yanzu ga wancan rabin. Kada ka ɗauka babban suna kariya ne, domin kusan duk manyan kamfanonin nan sun taɓa kiran kayansu su dawo. Ruger ta fito da 'yar mitsitsiyar LCP a 2008, a cikin shekarar ta nemi a mayar mata da na farko-farkon saboda suna iya tashi idan sun faɗi da harsashi a bututu. A watan Agustan 2013 Smith & Wesson ta yi sanarwa a duba duk M&P Shield da aka ƙera kafin 19 ga watan, don makarin da ke jikin kunama, wanda ke hana ta tashi idan ta faɗi, yana iya daina aiki. A wannan watan dai Springfield ta janye XD-S, wadda ake ƙera mata a Kuroshiya, saboda wasu na iya tashi lokacin da ake ɗura harsashi, ko su saki fiye da ɗaya a ja guda. A 2015 kamfanin Taurus na Brazil ya amince da sulhu a wata shari'a da ta shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya, har da jerin Millennium da talakawa suka fi saya, kan zargin tashi idan sun faɗi, ko da yake bai amsa laifi ba. Walther ta kira CCP a 2017. Smith & Wesson ta sake kiran wasu Shield EZ a ƙarshen 2020 saboda tsagewar hamarsu, wato ƙarfen da ke yin bugun da ke tayar da harsashi. Taurus ta sake yin sanarwa kan wasu GX4 a 2023.

Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce SIG P320. A watan Janairun 2017 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi wani nau'inta, a watan Agustan shekarar kuma kamfanin ya buɗe shirin sauya wa masu ita kayan ciki kyauta, bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa. Har yau ana shari'o'i da mutanen da ke cewa ta tashi a cikin kube ba tare da an taɓa kunama ba. A 2024 masu taimaka wa alƙali a Jojiya da Filadelfiya sun yanke wa kamfanin biyan diyya, shi kuwa yana nan a kan bakansa cewa ba ta tashi sai an ja kunama. Ba ni ne alƙali ba. Amma abin da ake gardamarsa a kotu, ba zan ce wa ƙanena ya ɗaura shi yana kallon cinyarsa ba.

Ka lura da shekarun nan, za ka ga yawancin matsalolin a farkon fitowa suke ɓullowa. Remington R51 ta fito a 2014 da talla mai yawa, watanni kaɗan aka dakatar da ita, ba ta dawo ba sai 2016, kuma sunanta bai farfaɗo ba. P365 kanta, da ta fito a Janairun 2018 ta girgiza kasuwa da harsashi 10 a jikin da a da 6 ko 7 yake ɗauka, masu sayen farko sun yi ta ƙorafin karyewar allurar da ke dukan gindin harsashi da sifirin ɗin kunama. Kamfanin ya gyara, yau tana cikin waɗanda aka fi saya a Amurka. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wanda ya sayi sabon samfuri a shekararsa ta farko, da kuɗinsa da jikinsa yake yi wa kamfani gwaji. Ka bar shi ya shekara biyu ko uku a hannun jama'a. In kuma ta hannu za ka saya, ka ɗauki lambarta ka shiga shafin kamfanin ka duba ko tana cikin waɗanda aka kira, da ko an yi mata gyaran.

Maganar ƙira kuwa, na san mutanenmu da son abu mai nauyi, in ba ƙarfe zalla ba a ce roba ce. Ka cire wannan a ranka. Tun da Gaston Glock ya ba sojan Ostiriya Glock 17 a farkon shekarun 1980, gangar roba mai tauri ta nuna tana jure wahala, ba ta tsatsa, tana kuma ɗan shanye dukan baya. Ba na ganin gangar da ta fashe sai nadiran. Abin da ke mutuwa ƙananan kayan ciki ne: allura, ƙugiya, sifirin, leɓen magazin. Can ne kamfani ke rage kuɗi in zai rage, wurin da idon mai saya ba ya kaiwa a kanti. Ƙyalli da santsin jiki ba sa gaya maka komai. Abin dubawa shi ne ko akwai makarin da ke toshe allura har sai an ja kunama, ko an gasa fatar ƙarfen yadda gumi ba zai ci ta ba, da ko za ka sami kayan gyara da magazin na asali a kowane shago. Gumin nan kada ka raina shi. Ka san zafin Houston da damshinta daga Yuni zuwa Satumba. Bindigar da ke manne da fata wuni guda tana shan gishiri kullum, ga zaren tufafi da ke taruwa a cikinta.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Na ga masu tsada da aka matse kayansu ƙwarai don su yi saiti, sai ɗan ƙura ya tsayar da su.

Ka ce in ambaci suna. In ni ne kai, zan fara gwada Glock 19, in riga ta rufe ta to magana ta ƙare, don kowane inci da ka rage inganci kake biya da shi. In ta yi girma, akwai Glock 26 da ke kasuwa tun tsakiyar shekarun 1990, da 43X ta 2019, da Shield ko P365 na ƙirar yanzu. Duka sun daɗe a hannun mutane, an san cutarsu an san maganinta. Kada kuma ka raina libarba, mai juya harsashi biyar ɗin nan da Smith & Wesson ke yi tun 1950. Ba ruwanta da laushin wuyan hannu, ba ta da magazin da zai gaji. Aibinta harsashi kaɗan, kunama mai tauri, kuma ta fi wuyar saiti ga wanda bai saba ba.

Sai dai duk sunan da na faɗa, wadda aka miƙo maka daga akwati ba a san halinta ba sai an gwada ta. Ka ware kuɗin harsashi tun kafin ka saya, ka ɗauke su cikin farashin bindigar. Ka kai ta filin koyon harbi ka ba ta ɗaruruwan harsasai na atisaye, sannan ka gwada ainihin irin wanda za ka riƙa yawo da shi, domin mai ramin baki yakan turje a inda mai santsin kai ke wucewa. Ka sa wa kowane magazin lamba, in an sami cijewa ka san wanda ya jawo, ka cire shi daga aiki. Sifirin ɗin silaid na ƙananan nan ya fi saurin gajiya, ka bi adadin da littafin kamfani ya faɗa ka canza shi. Kada ka riƙa mayar da harsashi ɗaya bututu kullum in ka sauke ka sake ɗurawa, kansa yana nutsewa cikin kwanso a hankali, matsin da zai yi in ya tashi ya wuce ƙa'ida. Kada kuma ka bari wani ya sassauta maka kunama ko ya sa maka kayan da ba na kamfani ba a bindigar da za ka ɗaura.

Kube ma rabin bindiga ne. Ka sayi mai tauri, wanda aka yi don wannan samfurin, mai rufe kunama ruf. Yawancin tsautsayin da nake ji wajen mayar da ita kube yake faruwa, bakin riga ko igiyar jaket ta shiga ta ja kunama. A gida kuma akwatin ƙarfe mai makulli, ba ƙarƙashin matashi ba, ba saman kabad ba, kana da yara ƙanana.

Abu uku da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, tunda wasu ma za su karanta. Ko da yake Texas ta halatta ɗaukar bindiga ba lasisi tun 1 ga Satumban 2021, dokar tarayya tana nan, kuma galibin masu bizar karatu ko ziyara ta hana su mallaka. Kamfanonin tasi na Uber da Lyft kuma sun hana direbobinsu ɗauka a bakin aiki, ka duba ƙa'idar inda kake tuƙi. Ga masu tunanin tafiya da ita gida, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Takardar Texas ba ta da wani amfani a filin jirgin Kano.

Kafin ka ba kowa kuɗinka, ka zo ranar Asabar mu je filin harbi. Suna ba da hayar yawancin waɗanda na lissafa. Za ka riƙe uku ko huɗu ka harba, ni kuma in tsaya a gefe in kalli wuyan hannunka da babban yatsanka, daga nan mu san wadda za mu nema. Ka gaida iyali.

Wassalam,
Yayanka.