Wasiƙa daga Birni kan maganar ɗiyarmu da piyano

Damagaram, unguwar Birni,
ranar Alhamis da dare.

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka da uwargida da yara baki ɗaya, da fatan sanyin Liyon ta Faransa bai takura muku ba. Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe duwatsun Birni, da safe da ƙyar kake gane mai tahowa daga bakin lungu. Tsohuwa tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke tashi in sanyi ya yi yawa. Maganin da ka aiko ya iso, ta sa maka albarka. Yau na leƙa kasuwar Dole, gero ya ɗan sauko, alhamdu lillahi.

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi. Ban amsa nan take ba don maganar ta fi ƙarfin minti biyu a WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta kamar yadda muka saba a da. Ka ce ɗiyarmu ta gama makarantar kiɗa, ta shiga gasa biyu ba ta kai zagayen ƙarshe ba, yanzu ta karɓi aikin koyar da piyano a wani ƙaramin gari, dandali kuwa sai jefi-jefi take hawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce shekara goma sha bakwai na wahala ta ƙare a malamar yara. A wurin na ji muryarka ta karye. Na san inda zafin yake fitowa. Ina zaune a zauren gidanku ranar da kawunka ya ce kiɗa ba gadonku ba ne, ba a taɓa maroƙi a zuri'arku ba, kai kuma ka tsaya kai da fata ka ce a bar yarinya da abin da Allah ya ba ta. Tun ranar kake jiran lokacin da za ka nuna musu hotonta a babban zaure, dubban mutane tsaye suna tafi. Uba ya so haka ba laifi ba ne. Amma ina ganin ba ka fahimci yadda sana'ar nan take ba, kuma ina tsoron kada ta karanta ɓacin ranka a fuskarka.

Ka san ni da wannan kiɗa tun muna lise, wato babbar sakandare, kuma tun da na ajiye alli ba abin da nake karantawa kamar tarihin masu yin sa. A cikinsu wanda bai koyar ba shi ne bare. Ka ɗauki Shopan, wanda ɗiyarmu ta kaɗa mana kiɗansa a bidiyon bara har tsohuwa ta ce a maimaita. Mutumin Folan ne, ya sauka Paris a 1831, a can ya rasu a 1849 yana da shekara 39. Duk rayuwarsa wasan da ya yi a bainar jama'a wajen sau talatin ne kawai. Ba ya son taro mai yawa, kuma hannunsa mai taushi ne, sautinsa ba ya cika babban zaure. Da darasi ya ci abinci ya biya haya, tare da abin da yake samu in ya sayar da rubutun kiɗansa. Faran 20 yake karɓa kowane zama, kuɗi mai kauri a wancan zamani, kuma ba a miƙa masa a hannu, ɗalibi kan ajiye ne bisa dakalin murhun ɗaki ya fita. Da na karanta wannan sai na tuna yadda muke tura kuɗin Laraba ƙarƙashin buzun malam.

Gasar da ta dame ka kuwa, ka duba babbarsu, wadda ake yi da sunan Shopan ɗin a Warso tun 1927, duk bayan shekara biyar. Ɗaruruwa ke neman shiga, mutum guda ke zuwa na ɗaya. A 1990 da 1995 ma alƙalai cewa suka yi ba wanda ya cancanci matsayin. Makarantun kiɗa na duniya kuma ba su fasa yaye ɗalibai kowace shekara ba, to wane dandali ne zai ɗauke su duka? Wanda ya ci gasar a 1980, Dang Tai Son na ƙasar Biyetnam, bayan ya zagaya duniya da wasa zama ya yi a Monreyal yana koyarwa, kuma ɗalibinsa ne, Burus Liyu, ya ci gasar a 2021. Ka ga wanda ya hau ƙololuwa ma aji ya koma.

Amma ba don in rarrashe ka da lissafi na ɗauki biro ba. Ka tuna malaminmu na zaure, Allah ya jiƙansa, in ya sauke mana littafi yakan ce na karanta shi wurin wane, shi kuma wurin wane, har ya kai inda salsalar ta tsaya. Ba ina daidaita kiɗa da karatun addini ba, Allah ya tsare ni. Hanyar da sani yake bi daga mutum zuwa mutum nake nufi. Masu piyano suna da irin wannan salsala, kuma suna ji da ita ƙwarai. A Biyana an kai wa Betoben, shahararren mai rubuta kiɗa, wani yaro ɗan shekara goma mai suna Cerni, ya karɓe shi. Cerni ya girma ya ƙware, amma bai bi hanyar yawon wasa ba. Yana da shekara 15 ya fara koyarwa, har yakan ba da darasi goma sha biyu a yini. Littattafan motsa yatsu da ya rubuta har gobe da su ake horar da yara, ka tambayi ɗiyarmu, na tabbata ta sha su. Wannan malamin yara shi ne ya koyar da Lis, ɗan ƙasar Hungari da Turai duka ta yi ta tururuwar kallonsa, kuma Cerni bai karɓi ko dala a hannun mahaifin Lis ba. Lis ɗin da ya kai shekara 35, a 1847, ana tsakiyar yayinsa, ya daina wasa don kuɗi. Ya zauna a Waima ta ƙasar Jamus, daga baya ɗalibai suka riƙa zuwa masa daga ko'ina, ya koyar da ɗaruruwansu kyauta kamar yadda aka yi masa.

Wani ɗalibin Cerni kuma shi ne Leshetiski, wanda ya koyar da Shinabel, mutumin da ya fara ɗaukar sonata 32 na Betoben, wato dogayen kiɗan piyano da ya rubuta, gaba ɗaya a faifai, tsakanin 1932 da 1935. Shinabel ya karɓi wani yaro Ba'amurke ɗan shekara tara, Liyon Filaisha, wanda sai a 2020 ya rasu. Ƙirga ka gani: daga Betoben zuwa mutumin da muka yi zamani da shi, malamai uku ne kawai a tsakani. Duk wanda ya zauna a ajin Filaisha ya ji wani abu da ya biyo wannan igiya.

Za ka ce ai kiɗan a rubuce yake, me ya sa sai da malami? Takarda tana gaya maka madannin da za ka taɓa da tsawon da za ka riƙe shi. Ba ta gaya maka nauyin da za ka saki daga kafaɗa, ko yadda za ka sa yatsa ɗaya ya yi waƙa sauran suna raɗa a ƙarƙashinsa, ko lokacin da ƙafa za ta saki abin takawa don kada sauti ya cakuɗe. Dukawan garin nan ba daga littafi suka san yadda ake jan zare a fata ba tare da ta yage ba. Sai ka zauna kusa da wanda ya iya, ya kama hannunka ya gyara.

Labarin Filaisha shi ne ya fi taɓa ni. A 1952 ya ci babbar gasar Burusel, duniya ta buɗe masa. A 1964, yana da shekara 36, yatsu biyu na hannun damansa suka fara nannaɗewa cikin tafinsa, ya kasa miƙe su in ya zauna gaban piyano. Ciwon jijiya ne da likitocin lokacin suka daɗe ba su gane kansa ba. Ka yi tunanin mahauci da hannun wuƙarsa ya mutu. Ya shiga ƙunci mai tsanani. Daga baya ya koma kaɗa abubuwan da aka rubuta don hannun hagu kaɗai, ya koyi jagorancin ƙungiyar makaɗa, ya kuma riƙe ajinsa a makarantar kiɗa ta Fibodi a Baltimo, inda ya shafe wajen shekara sittin. Da ya rasa hannun da zai nuna wa ɗalibi, dole ya nemo kalmomin da zai faɗa masa, kuma ta nan koyarwarsa ta yi zurfi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi da hannu ɗaya ya tsaya, ɗalibansa suka kama masa sauran gefen, yau ga su a dandali da azuzuwa a ƙasashe da dama. Sai bayan shekara talatin magani ya dawo masa da hannun, ya sake wasa da biyu yana dattijo.

Tunda mace ce tamu, ka ba ta labarin makaɗiyar piyano Kilara Shuman in ba ta riga ka sani ba. Ta haifi ƴaƴa takwas, mijinta ya rasu a 1856, da yatsunta ta riƙe gidan. Ta yi sama da shekara sittin tana wasa, kuma daga 1878 zuwa 1892 tana koyarwa a makarantar kiɗa ta Farankfot, ƴaƴanta mata biyu suna taya ta da masu farawa.

Ni da kai ma, wa ya buɗe mana kunne? Malamin lissafin nan ɗan Togo, wanda ranar Asabar yakan zana madannai farare da baƙaƙe da alli a kan benci, mu jera yatsu a kan katako shi yana rera sautin da baki, sannan ya kunna mana kaset a ƙaramar rediyonsa. Bai taɓa hawa wani dandali ba. Amma ba don shi ba, ranar da ɗiyarmu tana ƴar shekara shida ta tsaya gaban piyano ta ƙi tafiya, da jan hannunta za ka yi ku wuce. Kuma ka san labarin Malam Mamman Barka na Taskar. Malamin lakwal ne mai kiɗan gurumi, sunansa ya riga ya kai ko'ina, amma a 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage da ya iya biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Da bai je ba, ko da tsohon ya ƙi koyarwa, da abin ya bi shi kabari. Barka ya kai biram har Turai kafin ya rasu a 2018.

Ba zan ɓoye maka wahalar da ke gabanta ba, don shekara 31 na yi a aji. Koyarwa tana cin mutum. Ka wuni kana jin kuskure iri ɗaya, ka dawo gida ba ka da sauran ƙarfin yin naka. Albashin ma ba zai sa ta gina bene ba. Hatsarin da na fi ji mata shi ne hannunta ya yi tsatsa, don malamin da ya daina yin abin da yake koyarwa a hankali yakan bushe, yara kuma suna ganewa kafin manya. Ka ce mata in ji babanta na Birni, ta killace awa biyu ko uku na safiya ta ce nata ne, kada ta ba kowa. Kuma duk inda aka kira ta wasa ta je, ko ɗakin taron unguwa ne, ko gidan tsofaffi, ko gaban mutum ashirin.

Sai roƙona. In babban hutu ya zo, ka turo mana ita ko na mako uku ne. Piyanon katako ban sa rai da shi a garin nan ba. Abu ne mai madannai 88 da tsirkiya sama da 200, jan da suke yi wa ƙarfen cikinsa ya kusa tan 20, ga katako da ulu da ba sa son sauyin iska. Hunturu zai busar da shi ya tsage, damina ta kumbura shi, mai saita shi kuma sai an ɗauko daga wata ƙasa. Na lantarki ya ishe mu, irin mai nauyin madanni kamar na gaske. Na sa faranti mai hasken rana da batir a gida, ko kuran ya ɗauke ba za a tsaya ba. Akwai yara biyar a unguwa, har da jikata, da nake zana musu madannai a benci kamar yadda aka yi mana, amma abin da na sani ya ƙare, sun kai inda ba zan iya kai su gaba ba. Ina kuma son in kai ta ƙofar fada ta ji algaita da kakaki da kunnenta na yanzu, ba na ƙuruciya ba. Akin Yuba na Najeriya ya yi shekaru yana neman yadda piyano zai yi magana irin ta gangunan Afirka, ina son in ji abin da ita za ta ce in ta ji namu.

Kafin nan ka kira ta. Kada ka yi mata maganar gasa. Ka tambaye ta yara nawa ne a hannunta, wane ne mai taurin kai, wace ce ta fi saurin kamawa, ka bar ta ta ba ka labari. Ka rubuto mini abin da ta ce.

Na ba wani ɗan unguwarmu da zai tafi Yamai ranar Litinin alkaki da yaji, zai miƙa wa ƙaninka ya haɗa da saƙon da zai aiko muku. Tsohuwa ta ce a gaya wa uwargida turaren wutan yana ciki, a ƙasan kwalin. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, liman ya tambaye ka ranar Juma'a. A gaishe mini da yara ɗaya bayan ɗaya, ɗiyarmu kuma a ce Allah ya yi mata albarka, ya sa ta fara aikin a sa'a.

Wassalam,
amininka na Birni.