Zuwa Ga Ummi, Kan Maganar Minha

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, ke da Ummanki da ƙannenki. Ni ma lafiya lau, sai sanyin Riyad da ya sauko bana da ƙarfinsa. Sakamakon da kika turo ya iso, kuma na nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da ni a wurin aiki, har da waɗanda ba su tambaya ba. Allah Ya ƙara basira, Ya yi miki albarka.

In na ɗauko maganar jami'a a waya sai ki yi ta ce mini "to, Abba" har mu yi sallama, ni kuwa na san rabin hankalinki yana wani wuri. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki karanta a natse, ki kuma karanta wa Ummanki, don kada ta ji rabi a bakina rabi a bakin maƙwabta.

A Makka aka haife ki, Larabcinki ba ya bambanta da na 'yan ajinku, amma fasfonki na Najeriya ne, iƙamarki, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kuma a ƙarƙashin tawa take. Ƙawayenki 'yan ƙasa, da waɗanda uwarsu 'yar ƙasa ce ko da uban baƙo ne, hanyarsu ta shiga jami'ar gwamnati daban. Taki ita ce minha, wato gurbin tallafin karatu da jami'a ke ba baƙo, kujerunta kaɗan ne, masu nema kuma da yawa: 'yan Yaman, 'yan Sham, 'yan Sudan, 'yan Barma, ga mu. Ban faɗa don ki ji haushin kowa ba. Ƙasar nan ta karantar da ke tun daga ajin farko. Na faɗa ne don ki san a layin da kike tsaye, tunda mu ba mu da wani babba da zai ɗaga waya dominmu. Makinki da takardunki ne za su yi miki magana a ofishin da ba za ki taɓa shiga ba.

Minha iri biyu ce, kuma mutanenmu na unguwar Shara Mansur a Makka kullum cakuɗa su suke yi. Akwai ta waje, wadda ake ba ɗalibin da ya taso daga ƙasarsa, kamar yaran Kano da Sakkwato da Damagaram da kike gani a Harami lokacin hutu, 'yan Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda tun kafa ta a 1961 galibin ɗalibanta baƙi ne. Su ake ba tikitin jirgi, da ɗakin kwana, da magani, da kuɗin wata. Akwai kuma ta cikin gida, wadda ake ba ɗan baƙon da ke zaune a nan da iƙama mai rai. Wannan ce taki. Duka biyun ta shafin ma'aikatar ilimi na Udrus fis Sa'udiyya ake nema yanzu, amma abin da ke cikin ɗaya ba lallai ne a same shi cikin ɗayar ba. Don haka in gwaggonki ta ce ɗan wance yana Madina ana ba shi kaza da kaza, ki ce Allah Ya ƙara masa, kada ki ɗora lissafinmu a kan nasa.

Ko a cikin tsarin kansa an raba: akwai cikakkiya, akwai wadda wani sashe kawai ta ɗauke, akwai kuma wadda kujera ce aka ba ka amma kai za ka biya kuɗin karatu. Duk ukun saƙonsu da "mabruk" yake farawa. Ranar da saƙo ya shigo wayarki, kafin a yi guɗa, ki buɗe ki karanta har ƙasa. Kuɗin karatu an ɗauke ko ba a ɗauke ba? Akwai mukafa'a, wato kuɗin watan da ake ba ɗalibi? Ɗan ƙasa yana karɓar riyal 850 a fannin adabi da shari'a, 1,000 a fannin kimiyya, amma kada ki ɗauka cewa naki sunan yana cikin wannan jerin sai kin ga an rubuta. Akwai ɗaki, ko mota? Ina tambayar nan ne saboda ni zan cike abin da ya rage, kuma kin san tun 2020 riyal 400 nake biya duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamata, wato 4,800 a shekara a kanki ke kaɗai, kafin a zo maganar littafi da kuɗin direba. Ba na kuka da wannan, haƙƙinku ne a kaina. Amma ina so in san nauyin kafin in sa hannu.

Yanzu maganar maki, wadda ita ce ta fi damuna, don na ga kin saki jiki da sakamakon makaranta. Sakamakon sanawiyya, wato sakandare, shi kaɗai ba ya shigar da kowa. Haɗa shi ake yi da Ƙudurat da Tahsili, jarrabawar nan biyu na cibiyar Ƙiyas, a fitar da maki ɗaya. Jami'o'i da yawa a fannin kimiyya suna ɗaukar kashi 30 daga sanawiyya, 30 daga Ƙudurat, 40 daga Tahsili. Ɗauki biro ki bi ni. Yarinya ta ci 98 a makaranta, duk unguwa an ji, amma ta samu 75 a Ƙudurat da 70 a Tahsili. Makinta ya tashi 79.9. Wata ta ci 92 a makaranta, ba wanda ya yi mata walima, amma ta samu 90 da 88. Nata ya tashi 89.8. Tazarar maki kusan goma ke nan, kuma ta biyun ce za a kira. Kashi 70 na abin da za a auna ki da shi a ɗakin Ƙiyas yake, inda ba malamar da ta san ke yarinyar kirki ce.

Ƙudurat ɗinki ta farko ba ta yi muni ba, amma ba ta kai inda nake so ba, kuma ana sake zama, mafi kyawun sakamako ake ɗauka. Sashen harshe ba na jin tsoronsa a kanki. Sashen lissafi ne ke cinye miki lokaci, kuma ba don ba ki iya ba, don kina son ki warware kowace tambaya yadda malama ta koyar, layi bayan layi, alhali agogo yana gudu. Ki riƙa gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki. Tahsili kuwa karatun shekara uku ne ake tattarowa, lissafi da fiziya da kimiyyar sinadarai da ilimin halittu, don haka littattafan aji ɗaya da aji biyu da Ummanki ta ɗaure a kwali za su sauko daga saman kabad. Na yi magana da ita: daga yanzu zuwa jarrabawa, aikin gida bayan la'asar na ƙannenki ne. Za su yi ƙorafi, su yi. Ki kuma yi rajistar STEP, jarrabawar Turancin nan, don wasu fannonin suna neman ta.

Sai takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ki shimfiɗa fasfonki, da iƙamarki, da takardar haihuwa, da takardun makaranta a kan tabarma ki gwada su harafi da harafi. Sunan kakanki a fasfo da boko aka rubuta shi yadda ma'aikacin Najeriya ya ji, a iƙama kuma da Larabci yadda ma'aikacin nan ya ji, kuma ba kullum kunnuwansu ke jin abu ɗaya ba. Ranar haihuwa ma haka: a nan da Hijiriyya, a can da Miladiyya, in aka juya sai a samu kwana ɗaya ya zame. Mutum zai gane cewa duk ke ce, kwamfuta ba za ta gane ba, watsar da takardar kawai za ta yi ba tare da ta ce uffan ba. Na san ɗan abokin aikina da ya rasa shekara guda saboda irin wannan, makinsa kuwa ya ishe shi. In kin ga saɓani ki gaya mini da wuri. Fasfonki ma ya kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta shi sai da lambar NIN, don haka kawunki zai kai ku ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, kada a jira hutuna. Kowace takarda ki ɗauki hotonta mai kyau ki ajiye a imel ɗinki, ki turo mini kwafi. Kin ga abin da ya sami ɗan gwaggonki da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023: da rai ya fito, alhamdu lillahi, amma da jaka ɗaya, kuma neman shaidar karatun da ya yi ya fi tafiyar kanta ba shi wahala.

Na san likitanci kike so tun kina ƙarama. Ba zan kashe miki gwiwa ba, amma jami'o'i da dama ba sa buɗe kwalejojin lafiya ga 'yan minhar cikin gida, inda aka buɗe kuma kujerun ba su taka kara sun karya ba. Shafin yana ba ki damar jera zaɓi fiye da ɗaya. Kada ki cika su duka da fanni ɗaya don nuna kishi. Ki sa abin da za ki iya zama da shi shekara huɗu ba tare da kin tsani safiya ba, ki kuma tuna cewa ayyuka irin su harhaɗa magunguna da likitancin haƙori da akanta ana ta ware kaso mai yawa nasu ga 'yan ƙasa. Takardar da za ta yi miki amfani a Makka, ta kuma yi miki amfani a Kano in Allah Ya mayar da mu gida, ita nake miki sha'awa.

In don son raina ne, Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, ki tafi harabar mata ta Zahir da safe ki dawo ki ci abincin rana a gida. Bayanta Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda. Nan Riyad kuma akwai ta Gimbiya Nura, ta mata zalla, wadda ba ta da na biyu a girma cikin jami'o'in mata na duniya, har jirgin ƙasa ke zagayawa a cikinta. Duk lokacin da na bi hanyar filin jirgi sai na kalle ta na tuna da ke. Sai dai ɗakin da nake kwana ba wurin ajiye 'ya mace ba ne, sai in an ba ki masauki.

Kada mu tsaya a ƙofa ɗaya. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata tallafin, Türkiye Bursları, daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kuma 'yan ajin ƙarshe suna iya nema. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, makinsa kada ya gaza kashi 70, in fannin lafiya ne kashi 90. Suna ɗauke kuɗin karatu da ɗaki da inshorar lafiya da tikiti, su ba da kuɗin wata, sannan a yi shekara guda ana koyon Turkanci kafin a fara. Nema kyauta ne. Na san Ummanki za ta ce ba inda 'yarta za ta je, kuma ni kaina zuciyata ba ta gama kwanciya da nisan ba, ga shi iƙamarki sai mun ci gaba da biya in muna so ki riƙa dawowa gida. Duk da haka ki cike. Cikewa ba tafiya ba ce. In sun kira, mu zauna mu uku, mu yi istihara, mu yanke. Suna neman ki rubuta dalilin da ya sa kike son fannin da kika zaɓa. Ki rubuta da kanki. Ki faɗi yadda kike yi wa tsofaffin alhazanmu tafinta a asibiti lokacin Hajji, tsakanin Hausa da Larabci, da abin da kika gani a wurin. Wannan ba kowa ke da shi ba, ya kuma fi duk wani zance mai daɗi da za ki kwafo a intanet.

Gida ma ƙofa ce. In aka bi ta JAMB aka samu gurbi a jami'ar gwamnati, akwai asusun NELFUND da aka fara a 2024, yana biyan kuɗin makaranta ya kuma ba da ɗan abin kashewa. Amma wannan bashi ne, ba kyauta ba. Ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 daga albashi. Ban ce haramun ba ne, ban ce kada a ci ba. Na ce a san sunansa bashi tun ranar karɓa. Wannan hanyar ita ce ta ƙarshe a lissafina, don karatunki duk da Larabci kika yi shi, kuma sauya harshe a shekarar jarrabawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai masu yawo a unguwa da kuma rukunonin WhatsApp na mata suna cewa suna da hanya a jami'a, a kawo riyal dubu kaza a ajiye wa yarinya kujera. Ko sisi kada a ba kowa, ko da ɗan uwa ne ya kawo shi, ko da ya rantse da Ka'aba yana kallonta. Lambar iƙamarki da lambar sirrin da ke shigowa wayarki kuma ba a ba kowa su. In cike shafin ya gagare ki, malamarku mai ba da shawara tana nan, ni ma ina nan bayan isha'i.

Abu ɗaya kuma da ba a cika faɗa wa yara ba sai sun shiga: ana ƙwace minha. A jami'o'in da ke lissafi bisa 5, in matsakaicin makinki ya faɗi ƙasa da 2 gargaɗi ake bayarwa, kuɗin wata ya tsaya, in abin ya ci gaba a sallami mutum. Shekarar farko ta fi kayar da masu ƙoƙari, don ba mai bin su da tambayar ina aikin gida. Wannan maganar za mu sake ta in lokacinta ya zo.

Batun da gwaggonki ta kawo kuwa, na ji, na kuma ba ta amsa da kaina cikin mutunci. Kada ya ɗauke miki hankali, kada kuma ki yi mata tsiwa a kai. In an zo da maganar gabanki ki ce tana hannun Abba.

Na tura wa Ummanki kuɗin rajistar Ƙudurat da na STEP, da ɗan ƙari na littafin gwaji. Ki duba ranakun da suka rage a cibiyar da ta fi kusa da gida ki kama ɗaya kafin su cika, ki turo mini hoton takardun nan kafin Juma'a. Ki gaishe da Hajiya, ki ce mata maganin ƙafarta yana hannun direban da zai taso ranar Laraba. In kun je Harami ku sa ni a addu'a.

Wassalam,
Abbanki