Wasiƙa ga Ɗiyata a kan Riƙon Inna

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ji shawarar da kuka yanke cewa Inna za ta dawo wurinki da zama. Allah ya yi miki albarka. Ga abin da nake so ki sani kafin ta iso.

Matar da ta haura shekara 90, ta goyi 'ya'ya ta goyi jikoki, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen duba marasa lafiya da koya wa mata karatu da tara wa marayu taimako ba tare da kowa ya biya ta ba, abin da zai fi saurin karya ta shi ne "Inna, zauna ki huta." Da kyakkyawar niyya za ki faɗa, baƙi ma haka. Ki kame bakinki, ki kuma hana su.

Jikin tsoho ba ya yafe zaman dirshan. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007, tsofaffi masu ƙoshin lafiya sun kwanta kwana 10 a jere, suka tashi sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Waɗannan fa ba su kai shekarun Inna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai 65 ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma kwana 3 daga ciki ya yi abin da ke ƙarfafa tsayuwa. Ba sai ta cike adadin ba. Tattaki na minti 10 safe da yamma ya isa a fara da shi. Ki ƙara mata tashi-zauna a kan kujera mai hannuwa, sau 5, a hankali a kai 10. Kujerar kada ta yi ƙasa da gwiwarta, domin mai lotsewa tana riƙe tsoho har ya daina sha'awar tashi.

Aikinta na taimakon jama'a kuwa, kada a raba ta da shi. Wani bincike na 2020 da ya bi Amurkawa kusan 13,000 'yan sama da shekara 50 ya ga masu aikin sa-kai na awa 100 a shekara, wato kimanin awa 2 a mako, ba sa mutuwa da wuri kamar waɗanda ba sa yi. Wani zai ce ai dama mai lafiya ne ke iya fita aikin, kuma da gaskiyarsa. Amma ko ba da bincike ba, wadda ta saba ana sallama ana nemanta, ranar da sallamar ta ɗauke, cin abinci ma sai ya fara gagararta.

Sai dai a raba aikin nata kashi biyu. Na ƙafa, wato kai-komo da ɗaukar kaya da dogon layi a asibiti, a miƙa wa matasan da ta rena a harkar. Na kai ya zauna a hannunta: wane gida ne ke cikin halin ƙunci amma ba zai roƙa ba, wa ya kamata a fara kai wa, wace ce za a aika wurin wace. Wannan sanin babu mai shi sai ita. Ki ware wa masu zuwa lokaci da hantsi, sa'ad da ƙarfinta ya fi, awa ɗaya, mutum uku a lokaci guda. In suka fi haka, kunnen da ya yi nauyi ba ya iya raba muryoyi, sai ta yi shiru, su kuma su fita suna cewa ta fara rikicewa. Mai tari ko zazzaɓi ya dakata sai ya warke. Dubiyar mai cuta mai yaɗuwa kuma ta koma ta waya.

Maganar kuɗi ki yi ta da wuri, cikin ladabi. Kuɗin jama'a kada ya ƙara kwana a ɗakinta. A samu littafi, a sa mutum biyu su riƙa sa hannu kan shiga da fita, ita tana duba. Mantuwa ɗaya kan lissafi za ta iya ɓata sunan da aka yi shekaru ana ginawa. Nata na kanta kuma ku zauna da ita ku ware abin kyauta na kowane wata. Irinsu Inna sukan ba da kuɗin maganinsu su ce sun saya, kuma macuta sun san ƙofar mai tausayi.

Sai faɗuwa. Za ki ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma galibin faɗuwar tsoho da dalilinta. Cikin waɗanda suka kai 65, kusan ɗaya cikin uku na faɗuwa a kowace shekara, kuma karayar ƙugu ita ce ke mai da mai tafiya ta kwance. Ki bi hanyar gadonta zuwa banɗaki da dare, fitila a kashe, ki ga abin da ƙafarki za ta ci karo da shi: shimfiɗa mai naɗewa, wayar lantarki, dokin ƙofa. A kawar, a bar haske a kunne, a kafa ƙarfen riƙo a bangon banɗaki, a sa mata kujerar wanka. Takalmi ya zama mai kama diddige. Sanda, kanta ya tsaya daidai wuyan hannu idan ta miƙe hannu a sake, kuma a hannun da ba ya gefen ƙafar da ke ciwo ake riƙe ta. Yawanci akasin haka ake yi.

Ga awon da za ki iya yi a gida duk wata: ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita 3, ta juyo ta zauna. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, a gaya wa likita. In tana jin jiri idan ta miƙe, ki auna hawan jininta tana kwance, ki sake cikin minti 3 da miƙewa. In adadin sama na awon ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, to jini ne ke faɗuwa, kuma sau da yawa maganin hawan jini ne ya yi mata yawa. Kada ki rage da kanki. Kafin ku ga likita, ta riƙa zama a bakin gado minti ɗaya kafin ta miƙe.

Magunguna duka, har da waɗanda masoya suka kawo, ki zuba a jaka ɗaya ki kai wa likita guda ya tantance. Daga iri 5 zuwa sama, haɗarin su yi karo da juna yana ƙaruwa. Ibuprofen da diclofenac na ciwon gaɓoɓi suna taɓa ƙoda su kawo gyambon ciki. Maganin barci irin diazepam yana kayar da tsoho.

Ƙishirwa tana dushewa da tsufa, saboda haka kada ki jira ta nemi ruwa. Lita 1.6 a rana ake so ga mace, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Mafi yawansa kafin yamma, don rage tashin dare. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kowane da mai gina jiki a ciki, ƙwai ko wake ko kifi ko madara, kimanin giram 1 na furotin ga kowane kilo na nauyinta a rana. Ki auna nauyinta duk wata. In ya ragu da kashi 5 cikin 100 a wata 6, a bincika, a fara da haƙora.

Ranar da kika ga ta rikice farat ɗaya, jiya lafiya lau yau ba ta gane ɗaki, kada ki yarda da masu cewa tsufa ne. Cutar mantuwa a hankali take shigowa, cikin watanni da shekaru. Rikicewar kwana ɗaya alamar ciwo ce a jiki: ƙwayar cuta a huhu ko mafitsara, ƙarancin ruwa, fitsari ko bayan gida da ya tsaya, ko sabon magani. A ranar za a kai ta asibiti. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ki duba agogo ku fita asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi da fara alamar ake yin ta.

Ki kuma sani ba za ta ce miki tana ciwo ba. Wadda ta saba ita ce mai ɗaukar nauyin wasu tana jin nauyin a ɗauki nata. "Yaya jiki?" amsarsa kullum "Da sauƙi." Ki duba abin da ta bari a kwano, da yadda take sa ƙafa, da aikin da ta daina yi ba ta faɗa ba. Wanka da sa tufafi, duk abin da za ta iya ki bar mata ko da zai ɗauki rabin awa, ki tsaya kusa kawai.

Tun tana da ƙarfinta ki tambaye ta wa take so ya gaji aikin, da yadda take so a yi da ita in ciwo ya yi tsanani. Ki rubuta da kalmominta, ki karanta mata ta gyara. Sunayen gidajen da take taimaka wa sirri ne, littafin sunayen ya tsaya tsakaninki da ita da wanda ta zaɓa.

Ke ma ba za ki ɗauka ke kaɗai ba. Ki tsara wa 'yan'uwanki kwanakinsu a rubuce, da mai kai ta asibiti da mai kwana in ta kama, ki turo mini in sa nawa a ciki. Ki gaishe da maigidanki da yara.

Mahaifiyarki